Kafin ka loda kamiyo: wane gwaji ne zai nuna maka ko kwal ɗinka na wankuwa?

Tun da itace ya yi tsada a garin nan na Maradi, kuma kowa na ganin yadda dajin Baban Rafi ke ja da baya, maganar kwal ta shiga bakin mutane sosai, masu gidan burodi, masu dafa abinci a makarantun kwana, masu gasa bulo, maƙera, da matasan da ke son buɗe ɗan ƙaramin izin na dunƙula gawayi su riƙa sayarwa mata. Kowa tambayarshi ɗaya, kwal ɗin nan yana da kyau ko ba shi da kyau. To tambayar nan a gaskiya biyu ce anka haɗe. Ta farko, datti nawa ke cikinshi. Ta biyu, cikin dattin nan nawa ne zai yarda ya fita in an wanke shi ko an tsince shi. Gwajin da ke amsa ta farko daban, wanda ke amsa ta biyu daban, kuɗinsu ma ba ɗaya ba ne, kuma yawancin asarar da mutane ke yi daga nan take farawa, mutum ya biya kuɗin gwajin farko ya ɗauka ya samu amsar ta biyu.

Kwal ɗin da ya fi kusa da mu shi ne na Anu Araren, can Cirozerin a jihar Agadas, wanda kamfanin kwal na SONICHAR ke haƙa. An kafa kamfanin a 1975, kuma tun farkon shekarun 1980 tashar kuran ɗinsu ke ƙona shi tana ba ma'adinan uraniyom na Arlit da garin Agadas wuta. Kwal ne da anka san shi da yawan toka, shi ya sa ma anka gina tashar a bakin ramin don kada a yi ta jigilar dutse. Daga cikinshi ne SNCC, kamfanin gasa kwal na ƙasa, ke gasa wanda ake sayarwa don girki. Akwai kuma na Salkadamna a jihar Tawa da ake ta maganar gina babbar tashar kuran a kanshi. Ta kudu kuma Najeriya na da nata, na Inugu da anka gano a 1909 anka soma haƙa a 1916, na Okaba a Kogi, na Maiganga a Gwambe wanda izin ɗin simintin Ashaka ke ƙonawa, da na Lafiya-Obi da ke da yawan toka da farar wuta. Ko wane ka ɗauko, tafiya ce mai nisa, daga Cirozerin zuwa Maradi ka bi ta Damagaram ko ka bi ta Tawa ya haura kilomita 600. In kamiyo ya ɗauko tan 30 kuma tokar kwal ɗin kashi 30 ce cikin 100, to tan 9 na abin da ba ya ci da wuta ka biya wa gazuwal da direba da kuɗin hanya. Wannan lissafin kaɗai ya isa mutum ya damu da gwaji.

Bari in fara da abin da ke cikin kwal ɗin, don in ba a gane shi ba kwatancen ba zai zauna ba. Ka ɗauki dunƙule ɗaya ka fasa da guduma ka duba bakin fashin a rana. Za ka ga layi-layi, wani baƙi ƙirin mai sheƙi, wani dishi-dishi mai ruwan toka, wani wurin kuma siririn zare na laka fari-fari ko ɗan ɗigo-ɗigo mai ƙyalli kamar zinari, wannan mai ƙyallin shi ake kira pirit, ƙarfe ne da farar wuta a haɗe. Dattin iri biyu ne. Akwai wanda ya shigo daga waje lokacin haƙa, dutsen laka na saman jijiyar kwal ɗin, wato shimfiɗarshi a cikin ƙasa, da na ƙasanta da yashi, wannan zaman kanshi yake yi kuma yana rabuwa. Akwai kuma wanda ya cakuɗe da kwal ɗin tun lokacin da itatuwa da ciyayi ke ruɓewa cikin fadama miliyoyin shekaru da sunka wuce, ƙananan ƙwayoyin laka da ido ba ya gani, wannan ko ka kwana kana wanki yana nan. Yawancin wankin kwal a duniya a kan nauyi ya tsaya. Lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce, tsabar kwal mai wannan girman tana kai kilo 1.3 zuwa 1.4, dutsen laka ya haura 2, yashi 2.6, pirit kuwa kusan 5. Aikin mace mai rege gero ne a ƙwarya, tsakuwa ta zauna ƙasa tsaba ta taso, sai dai a nan akwai gutsattsarin da rabinsu kwal rabinsu dutse, su ba su taso ba su ba su zauna ba, kuma su ne ke yanke hukuncin komai.

Hanya mafi araha ita ce ta ido da hannu da rariya. Ka zuba buhu a kan tabarma ko siminti, ka tankaɗe da ragar waya ka raba manya da matsakaita da gari, ka auna kowane a sikeli, sannan ka sa mutum biyu su tsince duwatsu daga cikin manyan, dutse ya fi nauyi a hannu, ba ya sheƙi, in ka buga shi ƙararshi daban. Ka auna abin da anka tsince. Wannan ba ya cin komai sai lokaci, kuma kada a raina shi, haka ake tsince kwal a Ingila da Faransa shekaru da yawa kafin injina su karɓi aikin. Yana nuna maka nan take ko mai kayan ya cika maka da dutse da gari. Iyakarshi ita ce daga gutsuren da ya kai girman ƙwan kaza zuwa sama ido ke aiki, ƙasa da haka ba mai iya tsincewa, kuma kwal mai laka a cikin jikinshi baƙi yake ƙirin kamar mai kyau, sai ka ƙona shi ka ga tokar ta fito da siffar dunƙulen yadda ka sa shi.

Sai gwajin toka na labo, wanda shi mutane sunka fi sani, shi ne takardar da dillali ke nuna maka. Ana niƙa kwal ɗin ya yi laushi, a auna kamar giram 1, a ƙona a tanda mai zafin digiri 815 in ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO ake bi, ta Amurka kuma wajen 750, abin da ya rage shi ne toka. A tare da shi ana auna laima a zafin digiri 105 zuwa 110, a auna abin da ke tashi hayaƙi a digiri 900 na minti 7, in ka biya ƙari a auna farar wuta da ƙarfin zafin da kilo ɗaya ke bayarwa. Gwaji ne mai kyau kuma ba shi da tsada sosai, cikin 'yan kwanaki an gama, duk wanda zai sayi kwal da yawa ya kamata ya yi shi. Amma lamba ɗaya yake ba ka, kuma lambar nan ba ta faɗin yadda tokar ke zaune a ciki.

Ga misali na lissafi kawai, don a ga inda gizo ke saƙar. A ɗauka kwal biyu ne, kowane kilo 100, kowane takarda ta ce tokarshi kashi 30. Na farko in an raba shi da nauyi sai a samu kilo 60 marasa nauyi masu toka kashi 10, kilo 10 na tsaka-tsaki masu toka kashi 30, da kilo 30 na dutse masu toka kashi 70. Na biyu kuma kilo 20 ne kawai marasa nauyin, kilo 70 na tsaka-tsaki, kilo 10 dutse. Ka yi lissafi da kanka, duka biyun toka kilo 30 suke bayarwa cif. To na farko in ka zubar da dutsen kawai ka samu kilo 70 masu toka kashi 13, in kana son mai kyau sosai ka ɗauki kilo 60 masu kashi 10, wannan kwal ne da wanki zai biya kuɗin kanshi. Na biyu kuwa ka zubar da dutsen ka samu kilo 90 amma tokar daga 30 zuwa wajen 26 kawai ta sauko, in kuma ka nace sai mai kashi 10 to kilo 20 za ka kwasa ka bar kilo 80 a ƙasa. Wanda ya sayi injin wanki don na biyun ya zuba kuɗinshi a rijiya, alhali takardar toka ɗinshi iri ɗaya ce sak da ta na farkon. Irin na biyun nan ba tatsuniya ba ce, yawancin kwal ɗin Indiya haka yake, toka mai yawa kuma a cakuɗe, sun daɗe suna fama da wankinshi.

Abin da ke fito da wannan rabon shi ne gwajin taso da nutse, shi ne ainihin gwajin wankuwa, ƙa'idarshi ISO 7936 ko ta Amurka ASTM D4371. Yadda ake yi, za a jera bokitai ko tankuna, kowane da ruwa mai nauyinshi daban, 1.3, 1.4, 1.5, 1.6, har zuwa 1.8 ko 2.0. A zuba kwal ɗin da anka riga anka tankaɗe cikin kwando mai raga a tsoma a na farko, a motsa a hankali a jira ya natsu, abin da ya taso a kwashe da ludayin raga a ajiye shi gefe da lambarshi, a ɗaga kwandon da abin da ya nutse a bari ya tsane a tsoma a na biyu, haka har ƙarshe. Mai aikin kowane lokaci yana tsoma ma'aunin nauyin ruwa don ruwan na canzawa, in ya sake 1.5 ɗinshi ta koma 1.47 bai sani ba. Daga nan a busar da kowane kaso, a auna shi, a yi mishi gwajin toka da farar wuta shi kaɗai. Ka ga gwajin tokar nan da munka yi magana sau ɗaya, a nan sai an yi shi sau shida ko takwas a kowane girma, in girma huɗu anka raba ka ninka, shi ya sa kuɗinshi ke da nauyi kuma yana cin makonni.

Sakamakon yana zuwa da tebur da zanen layuka, waɗanda ake dangantawa da wasu injiniyoyi biyu, Henry da Reinhardt, tun farkon ƙarni na 20. Kada zanen ya tsorata ka, abu uku za ka nema. In na yanka a nauyi kaza, wato na ɗauki abin da ya taso na bar wanda ya nutse, kashi nawa na kayana zan samu. Tokar abin da na samu nawa ce. Sai na uku wanda dillalan injina ba su cika son a tambaya ba, kashi nawa na kayan ke zaune dab da wurin yankan, wato 0.1 sama da 0.1 ƙasa. Wani injiniya ɗan Amurka mai suna Bird ya tsara ma'aunin da har yau ake aiki da shi, in abin da ke dab da wurin yankan bai kai kashi 7 ba wankin mai sauƙi ne kusan ko wane inji zai yi, 7 zuwa 10 da ɗan wuya, 10 zuwa 15 da wuya, in ya haura 25 kuwa sai inji mafi tsada da ƙwararrun ma'aikata, shi ma da ƙyar. Wannan lambar ita ke faɗa maka irin injin da za ka saya, ko ma kada ka saya.

A cikin gwajin nan kanshi akwai zaɓi na ruwan da za a yi amfani da shi, kuma ya kamata ka tambayi labo wane suke sa wa. Akwai ruwan sinadari irin ferkulo, wanda masu wankin kwat a fresin ke aiki da shi, nauyinshi wajen 1.6, ana sirka shi da farin mai mara nauyi a sauko da shi ko da wani mai nauyi irin buromofom a hau da shi. Ba shi da kauri, ƙananan gutsattsari na rabuwa da sauri a cikinshi, ba ya narkar da laka, kuma yana bushewa da kanshi. Sakamakonshi ya fi tsabta. Amma guba ne, tururinshi na taɓa hanta da ƙwaƙwalwa, hukumar binciken kansa ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna kawo kansa, in babu injin zuƙe iska da abin rufe hanci na gaske kada wanda ya kusance shi, balle a zafin Maradi na watan Afrilu da komai ke tashi tururi. Ɗaya ruwan kuma gishirin zink ne da ake narkarwa a ruwa, kulorid ɗin zink, yana kai nauyin 1.8 ko ɗan sama, ya fi araha, ba ya tashi tururi irin na ferkulo, shi ya sa labo da yawa na makarantu ke aiki da shi. Nashi aibin, yana ƙona fata da ido, yana cin ƙarfe, in nauyin ya hau sai ya yi kauri ƙananan gutsattsari su ƙi sauka, yana shiga ƙofofin jikin kwal ɗin don haka sai an ɗauraye sosai in ba haka ba gishirin da ya maƙale zai shiga lissafin toka, kuma da yake ruwa ne dutsen laka mai taushi na iya narkewa a ciki ya ɓata lissafi. A nawa ganin in kwal ɗin na girki ne ko na tanda ko na tashar kuran, na zink ya wadatar muddin an ɗauraye da kyau. Garin da bai kai rabin milimita ba kuwa duka biyun ba sa raba shi a bokiti, nashi gwajin daban ne, na kumfa ko na injin juyi, kuma mai ƙaramin jari bai buƙatarshi.

Matasa da yawa na tambaya ko ba za a iya yin wannan a gida da ruwan gishiri ba. Ba zai yi ba, gishirin miya ko ka zuba har ya ƙi narkewa nauyin ruwan 1.2 yake tsayawa, kwal mafi tsabta ma ya fi haka, komai zai nutse. Ruwan sukari na ɗan haura 1.3 amma ya zama madi, ba abin da ke motsi a ciki. Abin da ke ɗan ba da haske shi ne ruwan laka mai laushi da anka dama anka tace, ka cika bido mai lita ɗaya ka ɗora a sikeli, in ya ba ka kilo 1.5 bayan ka cire nauyin bidon to ruwanka 1.5 ne, ka jefa manyan gutsattsari ka ga masu tasowa. Manyan izin ɗin wanki ma kusan haka suke yi, sai dai su garin baƙin dutsen ƙarfe suke damawa wanda maganaɗisu ke sake kwashewa. Na gida lakar na kwantawa cikin mintuna, sai kana motsawa kana sake aunawa, kuma manya kawai yake rabawa. Ya isa ya nuna maka ko kwal ɗinka irin na farko ne ko irin na biyu a misalin can, wanda ba ƙaramin abu ba ne, amma kada ka kai wa banki ko abokin jari wannan a matsayin hujja.

Wani abu da ya fi duka gwaje-gwajen nan muhimmanci shi ne samfurin da ka kai. Wani kawuna mai gidan burodi a nan garin an taɓa kawo mishi leda ɗaya ta kwal mai sheƙi, anka gwada toka ta yi kyau, ya biya, da kaya sunka iso rabin buhun gari ne da dutse. Na ce mishi, “Kawu, ledar nan wa ya ɗebo ta?” Ya ce, “Ɗana, ai mai kayan ne ya kawo da hannunshi.” Labo ba ta yi ƙarya ba, abin da anka ba ta ta auna. Tsibin kwal ba ɗaya yake ba, manya na gangarowa gindi, gari na zama tsakiya, na sama rana da iska sun ci shi. Ana ɗiba ne shebur-shebur daga wurare da yawa, sama da tsakiya da ƙasa da ciki, mafi kyau ma lokacin da ake lodi ko saukewa, a haɗa, a tara tsibi a baje a raba huɗu a ɗauki biyu masu kallon juna, a sake haka har ya kai yadda ake so. In gutsattsarin sun kai milimita 50, samfurin da ƙa'ida ke nema ya haura kilo 100, na gwajin taso da nutse kuwa buhuna ne. Kuma kai ko yaronka za ku ɗiba, a ɗinke buhun a gabanku, a bi da shi a hankali don duk faɗuwar da ya yi yana ƙara gari.

To wa ya kamata ya yi wane. Mai gasa bulo ko mai ƙona farar ƙasa, tsincewa da gwajin toka sau ɗaya sun ishe shi, tanda irin tashi na jure toka, abin da zai duba shi ne ko farashin ya yi daidai da zafin da ke ciki. Mai burodi da mai girkin makaranta su ƙara da gwajin farar wuta, don ita ke kawo warin nan mai shaƙe maƙogwaro kuma tana cinye ƙarfen murhu da bututun hayaƙi. Maƙeri ma haka, farar wuta in ta shiga ƙarfe yana tsagewa a ƙarƙashin guduma tun yana ja. A nan a lura, farar wutar da ke cikin pirit kaɗai wanki ke ragewa, ita ma in ƙwayoyin manya ne, wadda ke ɗaure cikin jikin kwal ɗin ba ta fita, don haka in farar wuta ce damuwarka ka ce a raba maka iri-irinta a takarda. Wanda zai riƙa kawo kamiyo-kamiyo duk wata, ko zai sa hannu a kwangila, ko zai sayi ko wane irin injin rabawa, wannan ba shi da mafita sai cikakken gwajin taso da nutse, kuɗin gwajin bai kai na tayoyin kamiyon ba in ka kwatanta da abin da zai iya rasawa.

Masu son dunƙula gawayi su ne na fi jin tsoron su ruɗe, don suna haɗa gashi da wanki. Gasa kwal yana fitar da hayaƙi da kwalta, abin da ya sa ya dace da girki ke nan, amma toka ko ƙwaya ba ta fita, kasonta ma hawa yake. Kilo 100 mai toka 30, in gashi ya cinye kilo 25, ka ga toka kilo 30 cikin 75, ta zama kashi 40. Sannan ka zo ka dama da laka don ya dunƙulu ka ƙara wata tokar a kai, mace ta saya ta hura ta hura ya ƙi kamawa, gobe ta koma wa itace, kuma ta gaya wa maƙwabta. Shi ya sa in za a tsaftace, kafin gashi ake yi, kuma sitacin rogo ko ƙaro sun fi laka wurin ɗaurewa ko da sun fi tsada. Su kuma suna da wata dama da sauran ba su da ita, tunda dama niƙawa za su yi, su ce wa labo ta gwada kayan a girma biyu, yadda ya zo da kuma bayan an farfasa shi zuwa kamar milimita 12, sau da yawa farfasawa na sakin dutsen da ke manne da kwal sai na tsaka-tsakin nan ya ragu. In ya ragu sosai, akwai hanya. In bai motsa ba, tokar ta cikin jiki ce, a nemi wani kwal ɗin.

Sai maganar ruwa, wadda duk takardar da anka rubuto daga Turai ko Afirka ta Kudu ba za ta tuna maka ba. Injinan da sunka fi raba kwal daidai duk na ruwa ne, mai girgiza ruwa irin wanda wani injiniya mai suna Baum ya ƙera a Jamus a 1892, da mai ruwa mai nauyi wanda shi ne gwani in na tsaka-tsaki sun yi yawa. Suna son ruwa kullum, da tafkin da baƙin ruwan zai kwanta, da kuran da ba ya yankewa. Mu kuwa Gulbin Maradi 'yan watanni yake gudu, can arewa inda kwal ɗin yake abin ya fi haka tsanani, kuma ruwan da ya bi ta kan pirit yana yin tsami, in ya sauka rijiyoyin unguwa ko fadamar masu lambu an cuci mutane. Akwai injin busasshe, tebur mai girgiza da iska ke hurowa ta ƙasanshi, irin FGX na Sin, ba ya shan ruwa ko ɗigo, kuma busasshen kwal yake so wanda mu nan rana ta ba mu kyauta. Amma a babban nauyi yake yanka, wajen 1.8 zuwa sama, wato dutse zalla yake cirewa, ba ya iya raba na tsaka-tsaki, gari ma ba ya rabuwa da kyau a kanshi, ga ƙura sai an yi mata tanadi. Kwal irin na farko a misalinmu zai yi mishi daidai, irin na biyu kuwa ba abin da zai tsinana. Don haka in busasshen inji kake tunani, dole ka ce wa labo ta kai gwajin har 2.0 ko sama, wasu a 1.8 suke tsayawa, kuma ainihin wurin da kake buƙatar gani ke nan. In teburin sakamakon labo ya yi kyau, kafin ka biya kuɗin inji ka nemi mai sayarwa ya gwada tan ɗaya ko biyu na kwal ɗinka a kan injinshi, don abin da bokitin labo ya bayar shi ne iyakar abin da zai yiwu, inji kullum ƙasa da haka yake kawowa.

Wurin tambaya kuma akwai, sashen ilimin ƙasa da na kimiyyar sinadarai a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo nan Maradi, makarantar injiniyoyin ma'adinai ta EMIG da cibiyar binciken ƙasa da ma'adinai ta CRGM a Yamai, makarantar ma'adinai ta EMAIR a Agadas, ta Najeriya kuma cibiyar binciken ƙarafa ta Jos, sai manyan labo na kasuwa irin SGS da Bureau Veritas masu rassa a ƙasashe da dama. Duk inda ka je ka tambaya kai tsaye, gwajin toka kaɗai kuke yi ko har da taso da nutse, wane ruwa kuke sa wa, nauyi nawa zuwa nawa, girma nawa za ku raba, kilo nawa zan kawo, kuma lambobin da za ku ba ni na busasshen kwal ne ko na yadda ya zo da laimarshi, don toka 25 a busasshe da toka 25 a jiƙe ba ɗaya ba ne. Ka ce a rubuta maka nauyi da tokar kowane kaso, har da na wanda ya nutse, kada a ba ka jimla kawai. Ka ajiye rabin samfurin a ɗinke a wurinka da kwanan wata a jiki, in gardama ta taso da mai kaya shi za a sake aunawa. Kuma in jijiyar da ake haƙa ta canza ko an koma wani rami, takardar bara ba ta aiki, sai an sake ɗiba.